Muryoyin sun yi shiru, amma ƙanena bai dawo yadda yake ba

Babbar Yaya

Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ishe ni. Maganar ƙanena ce, shekararsa 26. Shekara uku ke nan da likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar mana yana da sikizofireniya. Lokacin da ciwon ya taso, muryoyi yake ji suna zaginsa, yana cewa ana bibiyarsa ta cikin wayarsa, ba barci ba cin abinci. Aka kwantar da shi, aka ɗora shi a kan magani, cikin ikon Allah muryoyin suka yi shiru, zargin ma ya kau. Muka yi ta hamdala, ashe da sauran rina a kaba.

Jiya na ce masa ya kashe famfo, ya kwaso kayan da ke kan igiya, ya miƙo mini cajar waya daga ɗaki. Ya tafi, shiru shiru. Da na leƙa sai na tarar da shi tsaye a tsakiyar ɗaki, riga ɗaya a hannu, famfo na ta zuba. Na ce me kake yi a nan? Ya dube ni ya ce, "Yaya, me ma kika ce?" Yaron da ya kai shekara ta uku a jami'a yana karatun lissafi, yanzu shafi ɗaya ba ya iya kaiwa ƙarshe, sai ya koma farko. Wanka sai an yi masa magana sau uku.

Mahaifinmu ya ce lalaci ne kawai, tunda likita da bakinsa ya ce an samu sauƙi. Ni zuciyata ta ƙi yarda. Don Allah masu sani, ciwon ne, maganin ne, ko kuwa Baba ne da gaskiya?

Faɗi Gaskiya

Wa alaikumus salam. Hajiya, ba sai an wahalar da ke ba, maganin ne. Duk wanda ya taɓa ganin masu shan ƙwayoyin nan ya san yadda suke komawa, jiki a sandare, ido a kafe, miyau na zuba. Ku dakatar da shi wata guda ku gani in bai ware ba.

Mai Kula da Zaure

Malam Faɗi Gaskiya, a yi hattara. A zauren nan ba ma ce wa kowa ya daina magani. Na bar rubutun naka ne don a ba ka amsa kowa ya amfana.

Nas Mai Ritaya

'Yata, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma tambayar nan taki na ji ta daga bakin iyaye da yayye har ban san iyaka ba. Tukunna dai, kada ki taɓa maganin nan ba da sanin likitansa ba. Daina shi farat ɗaya shi ne hanya mafi sauri ta dawo da muryoyin, kuma kowace tasowa tana barin nata tabon.

Ciwon nan ƙafa uku gare shi, amma ɗaya kawai mutane suke gani. Ta farko ita ce mai hayaniya: jin muryoyi, zargi, yarda da abin da babu shi, magana a warwatse. Ita ke sa a ruga asibiti, ita ce kuma magani ya fi iya kwantarwa. Ta biyu ita ce abin da ciwon ya ɗebe wa mutum: himma ta mutu, magana ta ragu, fuska ba yabo ba fallasa, ba ya marmarin shiga mutane. Ta uku ita ce wadda kika ba da labari, wato aikin tunanin kansa. Riƙe magana a ka har a aikata ta, tattara hankali wuri ɗaya, saurin fahimta, tsara abu mataki bayan mataki.

Abin da ya faru da famfon nan, ba wai bai ji ki ba ne. Ya ji sarai. Akwai wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwa da muke ajiye magana na ɗan lokaci muna aiki da ita, kamar yadda kike riƙe lambar waya a ka kafin ki danna. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ya fi ɗaukar wannan aikin, kuma yana cikin inda ciwon yake taɓawa. Kin ba shi saƙo uku, kafin ya kai igiya biyu sun zube.

Da likita ya ce an samu sauƙi, ƙafar farko yake nufi. Mahaifinku kuma ya ɗauka duka ukun ne.

Ɗalibin Likita

Mama Nas ta gama magana, ni dai ƙarin bayani zan yi daga abin da muke karantawa. Wannan matsalar tunanin ba sabon ganowa ba ce. Emil Kraepelin, likitan Jamus da ya fara ware ciwon a ƙarshen ƙarni na 19, sunan da ya ba shi ma'anarsa lalacewar tunani da wuri, don abin da ya fi ɗaukar masa hankali ke nan. Sai a 1908 Eugen Bleuler na Suwizalan ya kawo sunan da muke amfani da shi yau, daga kalmomin Girkanci biyu, rabewa da hankali. Nufinsa tunani da ji da aiki sun daina tafiya tare. Ba mutum biyu a jiki ɗaya yake nufi ba, kamar yadda wasu suke zato har gobe.

A 1952 a Faris Jean Delay da Pierre Deniker suka fara ba masu ciwon maganin da aka fi sani da Largactil. Shi da yawancin waɗanda suka biyo bayansa hanyar wani sinadarin ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin suke tarewa, shi ya sa suke kashe muryoyi. Da aka ga haka sai hankalin kowa ya koma kan muryoyin. A 1996 Michael Green a Amurka ya tattara binciken da aka yi ya nuna cewa abin da ya fi nuna ko mutum zai iya riƙe aiki, ya zauna da mutane, ya koyi sabon abu, shi ne ƙarfin riƙe magana da tattara hankali, fiye da yawan muryoyin da yake ji. Akwai mai jin murya jefi-jefi yana zuwa aikinsa, akwai wanda babu murya ko ɗaya amma ya kasa haɗa shirin fita.

Malam Faɗi Gaskiya, ga abin da ya karya maganarka: ana samun wannan raunin a wurin waɗanda ba su taɓa shan magani ba, kuma galibi yana riga muryoyin zuwa. A birnin Dunedin na Niyu Zilan an bi yara sama da 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973 har girmansu. Waɗanda ciwon ya kama daga baya, a jimlace, tun suna yara ana ganin sun ɗan ja baya a gwajin sauri da tattara hankali.

Babbar Yaya

Na gode ƙwarai. Amma Malam Ɗalibi, maganarka ta ƙarshe ba ta zauna mini ba. Yaron nan tun firamare bai taɓa wuce na uku a aji ba. Ina ja bayan yake?

Ɗalibin Likita

Da gaskiyarki Yaya, shi ya sa na ce a jimlace. Ba kowa ba ne. Wani da ƙwazonsa yake tasowa, sai dab da ciwon ko lokacin tasowarsa ta farko abin ya sauka. Ki tuna, kafin muryoyin, ba ki ga wani canji ba?

Babbar Yaya

Innalillahi. Akwai. Wajen shekara guda kafin nan sakamakonsa ya zube, ya faɗi kwas biyu, ya daina zuwa lacca, yana cewa malamai sauri suke yi ba ya kama komai. Mu kuwa muka ce abokan banza ya samu. Baba har wata guda ya yi ba ya amsa gaisuwarsa.

Mai Ɗaki

Salamu alaikum. Na sa wa kaina wannan suna ne don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara tara ke nan ina tare da ciwon nan, ina shan magani, ina aiki, ina da iyali. Bari in gaya miki yadda abin yake daga ciki, don ƙaninki mai yiwuwa ba zai iya faɗa miki ba. Ni ma na yi shekaru ban iya ba.

Ki ɗauka kanki faranti ne. Da can faranti na babba ne, a zuba abu biyar ya ɗauka. Bayan ciwon sai ya koma ɗan ƙarami, abu ɗaya, in an matsa biyu. In kika ɗora na uku, na farko ne zai faɗi, kuma ba na jin ƙarar faɗuwarsa. Sai dai in ga kaina a ɗaki ban san abin da ya kawo ni ba. Kowa yakan yi haka wani lokaci, na sani. Ni sau ashirin a yini.

Wanka da kike faɗa. Ke a wurinki abu ɗaya ne. Ni a lokacin abu goma ne: nemo tawul, ina sabulu, ruwan ya isa, wace riga zan sa bayan na fito, wadda na cire ina zan ajiye. Sai in zauna bakin gado ina laluben wanne ne farko, kafin in ankara awa guda ta wuce, an leƙo an ce har yanzu ba ka tashi ba? Daga nan kunya ta rufe ni, in ja bargo. Wanda ya gan ni zai rantse ƙyuya ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hira. Mutum ɗaya ina bin sa. In sun kai uku suna karɓe magana daga bakin juna, kafin in haɗa amsar ta farko sun yi nisa, in na buɗe baki sai a yi shiru ana kallona don abin da na faɗa an wuce shi tun ɗazu. Sau nawa za a yi maka haka kafin ka daina zama cikin mutane? Aka ce ba na son jama'a. Ina so, gudunsu ne ya fi ƙarfina.

Kuma don Allah ki sani yana sane. Ya san da can yana warware lissafin da ke ba ki iya karantawa. Wannan sanin shi ne ciwon da babu allurarsa.

Babbar Yaya

Malam, wallahi ina karantawa ina hawaye. Allah ya saka da alheri.

Faɗi Gaskiya

Allah ya ƙara lafiya Malam Mai Ɗaki, ban raina wahalarka ba. Na janye batun daina magani, tunda masu abin sun yi magana. Amma ku bar ni in faɗi ɗaya. Kai ga shi kana aiki, ka rubuto magana tsaf wadda ni mai lafiya ban iya ba. John Nash, masanin lissafin nan na Amurka, da ciwon nan ya karɓi kyautar Nobel a 1994. To in kowane abu aka ce ciwo ne, yaushe yaron zai tashi? Dattijon nan da kuke ganin laifinsa, tsoro yake ji kada ya mutu ya bar ɗa da ba ya iya ɗaukar wa kansa ruwa. Lallaɓawa ma tana kashe mutum.

Mai Ɗaki

Rubutun da ka gani tsaf, kwana biyu na yi ina haɗa shi a cikin waya, ina gogewa ina sakewa. Nash kuwa, aikin da aka ba shi kyautar dominsa ya yi shi ne yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kafin ciwon ya kama shi a 1959, bayan haka ya yi shekaru masu yawa ba ya iya aikin kirki. In misali kake so na wadda ta yi aiki da ciwon a jikinta, ga Elyn Saks, farfesar shari'a a Amurka, ita da kanta ta fito ta faɗa, kuma ba ta ɓoye cewa da magani da likita da mutanen da suka tsaya mata ta kai inda ta kai ba.

Amma rabin maganarka gaskiya ce, ba zan ƙi ba. Shekara biyu mahaifiyata ta yi tana yi mini komai, har kayan sawa ita ke zaɓo mini, kuma a shekarun nan ne na fi lalacewa. Tsawa ba ta tashe ni ba, lallaɓawa ba ta tashe ni ba.

Uwa Mai Jinya

Ni tawa mace ce, shekararta 31, tun tana 24 muke fama. Abin da ban ga an ambata ba shi ne rashin karanta fuska. 'Yata ba ta gane wasa. Ƙanwarta za ta tsokane ta tana dariya, ita kuwa ta ɗauka da gaske, ta wuni ba ta magana. Wata rana na dawo a gajiye na yi shiru, ta zo ta durƙusa tana ba ni haƙuri, wai ta ga ina fushi da ita. Baƙuwa kuma ta zo tana ta duba agogo tana gyara mayafi, kowa ya san tafiya take so, ita ta riƙe ta da zance. Da ba haka take ba, ita ce ma mai lura a cikin 'ya'yana. Shi ma ciwon ne?

Nas Mai Ritaya

Shi ne, 'yar'uwa. Da masana a Amurka suka zauna a farkon shekarun 2000 don su daidaita yadda za a riƙa auna tunanin masu ciwon, fanni bakwai suka fitar, kuma fahimtar mutane na ciki: gane yanayin fuska, sautin murya, hannunka mai sanda, abin da wani yake nufi bai faɗa ba. Wannan fannin yana da nauyi ƙwarai a wurin aiki da zaman aure, don mutum zai iya ƙwarewa a aikinsa a sallame shi saboda bai gane maigida ya ɓata rai ba. Dabarar a gida ita ce ku daina barin ta ta yi hasashe. Ki ce mata a fili, na gaji ne, ba ke ba ce. Ƙanwar ta ce, wasa nake yi.

Tunda an kawo batun tsawa, akwai binciken George Brown da abokan aikinsa a Landan, tun shekarun 1950 zuwa 1970. Sun lura cewa waɗanda aka sallama suka koma gidan da ake yawan suka da hantara, ko ake matsa musu da kulawa ba a barin su su sha iska, ciwon ya fi saurin dawo musu. An maimaita binciken a ƙasashe da yawa an samu kusan haka.

Uwa Mai Jinya

Hajiya, ki yi haƙuri, wannan maganar ta soke ni. Wato mu ne muke tayar musu da ciwo? Shekara bakwai ban yi barcin kirki ba. In na ɗaga murya sau ɗaya a wata, sai a rubuta a littafi cewa uwa ce sila? Ku kuna tashi daga aiki ku tafi gida, mu gidan ne wurin aikin.

Nas Mai Ritaya

Ki gafarce ni, ban sa maganar yadda ta dace ba. Babu uwar da ta jawo wa ɗanta wannan ciwo. An taɓa yin zamanin da likitoci suke ɗora wa iyaye mata laifi, kuma an tabbatar kuskure ne babba. Gado yana da kaso mai yawa, amma ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu, kusan rabi ne kawai ɗayan yake kamuwa. Akwai wahalar haihuwa, akwai tabar wiwi ga wanda ya fara da ƙuruciya, akwai wasu. Abin da nake nufi, ƙwaƙwalwar da farantinta ya ƙanƙance, in na ari maganar Malam Mai Ɗaki, hayaniya tana cika shi nan take. Kuma sukar tana fitowa ne daga zaton cewa da gangan yake yi. Ranar da gida ya gane ba da gangan ba ne, rabin faɗan yakan mutu da kansa. Ke ma kuma kina bukatar mai karɓar ki, ko yini ɗaya a mako.

Uwa Mai Jinya

Ba komai Hajiya, gajiya ce ta yi magana.

Nas Mai Ritaya

Babbar Yaya, ki duba mana, magani nawa yake sha? Sunayen kawai.

Babbar Yaya

Allura duk wata, sai Artane safe da dare, sai Valium da dare tun lokacin da ba ya barci.

Nas Mai Ritaya

To a nan Malam Faɗi Gaskiya yana da ɗan kaso, kada mu hana shi. Artane ana bayar da shi ne don sandarewar jiki da rawar hannu da wasu magungunan ke jawowa, amma yana tare wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke bukata wajen riƙe abu, don haka yana ƙara mantuwa. Valium ma haka, ga kasala da safe, ga sabo in an daɗe a kai. Ba su ne tushen matsalar ba, amma suna iya ɗora kaya a kan kaya. Sau da yawa an rubuta su ne lokacin tashin ciwon, aka yi ta maimaitawa ba wanda ya waiwaya.

Kada ki cire ko ɗaya da kanki, Valium musamman, yanke shi kai tsaye yana da haɗari. Ki rubuta misalai uku irin na famfon nan a takarda, ki bi shi ranar ganin likita, ki ce kina so a duba ko har yanzu yana bukatar waɗannan biyun. Likita yakan tambayi muryoyi da barci, in aka ce babu matsala ya rubuta magani a tashi. In ba ki kawo zancen ba, da wuya ya taso.

Ɗalibin Likita

Kuma kada a sa rai da ƙwayar da za ta gyara tunani. Har yanzu babu wadda aka amince da ita don wannan kaɗai. Ko sabon maganin da Amurka ta amince da shi a watan Satumba na 2024, Cobenfy, wanda ba hanyar dofamin yake tarewa ba, don ciwon gaba ɗaya aka ba shi izini. Abin da ke da hujja shi ne horar da ƙwaƙwalwa, atisaye na riƙe abu da tattara hankali tare da mai koyarwa, sau da yawa a kwamfuta. A 2011 Til Wykes ta Landan da abokan aikinta sun haɗa gwaje-gwaje 40 na mutum sama da 2,000, suka samu amfani matsakaici, wanda ya fi fitowa idan an haɗa horon da koyon aiki na zahiri. Motsa jiki mai sa haki ma yana taimakawa. Labari mai daɗi kuma, raunin nan ba irin na ciwon mantuwar tsufa ba ne da ke ta gangarawa, a wurin yawancin mutane yakan tsaya ne kusan inda yake.

Mai Ɗaki

Ni ban taɓa samun horon kwamfuta ba. Abin da ya tashe ni shi ne na daina dogara da kaina, na mayar da bango da waya su ne ƙwaƙwalwata. A ƙofar banɗaki akwai takarda, layi biyar, daga tawul zuwa riga. Kaya na mako guda ina haɗa su ranar hutu, kowace rana da ledarta, riga da wando da komai a ciki. Magani yana kusa da buroshin haƙori, ba cikin durowa ba, don abin da ban gani ba babu shi. Waya tana ƙara sau shida a yini, kuma kowace ƙara da rubutun abin da zan yi, don ƙara zalla sai in kashe ta in manta dalilinta. Daga baya na ji cewa wata mai bincike a jihar Teksas ta Amurka, Dawn Velligan, ta mayar da irin wannan tsari hanyar jinya sukutum, ana zuwa gida ana liƙa alamu ana shirya ɗaki. Na yi dariya, na ce ashe ni ma masani ne.

Yaya, saƙo ɗaya a lokaci ɗaya. Ki kira sunansa, ki bari ya dube ki, ki kashe talabijin, ki faɗa gajere, ki ce ya maimaita. In ya dawo ki ba shi na biyu. Kada ki yi masa aikin.

Mijin Mai Haƙuri

Ni matata ce mai ciwon. Tambayata aiki. Tana so ta koma, danginta sun ce ta bari sai ta warke sarai. Shekara huɗu ke nan ana jiran sarai.

Nas Mai Ritaya

Mu ma haka aka koya mana da, a horar da mutum a gefe sai ya shirya sannan a nema masa aiki, kuma da yawa suka tsufa suna shiri. A farkon shekarun 1990 Deborah Becker da Robert Drake a Amurka suka juya abin: duk wanda yake so, a sama masa aiki na gaske da wuri, daidai da abin da yake sha'awa, sannan a tallafe shi yana ciki. An gwada a ƙasashe da dama, kuma ya fi tsohon tsarin sa mutane a aiki. Ko ba ku da mai yi muku wannan, hikimar tana nan. Awa kaɗan tukuna, aiki mai tsari ɗaya da ake maimaitawa, wurin da ba hayaniya, umarni a rubuce.

Faɗi Gaskiya

To ai maganata ke nan tun farko, a tashe shi.

Mai Ɗaki

Maganarka ta farko a daina magani ce, Malam, tana nan sama ba a goge ba.

Faɗi Gaskiya

An kama ni. Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya.

Babbar Yaya

Salam, na dawo bayan mako uku, don kada ku ce na ci na goge baki. Mun ga likita, na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya yi wa ƙanena wasu tambayoyi, ya ba shi kalmomi ya riƙe, bayan minti biyar ya ce ya maimaita, biyu ya kawo cikin biyar. Ya fara rage Valium kaɗan-kaɗan, ya ce Artane sai zuwa na gaba, ba ya son taɓa biyu lokaci ɗaya. Ban ga wani babban canji ba tukuna, sai dai yana tashi da wuri fiye da da.

Takardar banɗaki mun yi, amma ranar farko ya yage ta, ya ce shi ba yaro ba ne. Na rasa abin yi, sai na karanta masa rubutun Malam Mai Ɗaki daga farko har ƙarshe. Bai ce komai ba. Washegari na ga ya rubuta tasa da hannunsa, layi huɗu, ya liƙa a cikin ƙofar durowa inda ba mai gani.

Baba na karanta masa shi ma, wurin farantin nan. Ya saurara, ya ce shi dai a zamaninsu ba a san wannan ba, ya tashi ya fita. Amma shekaranjiya ina jin sa daga ɗaki ya kira shi, ya ce, "Kawo mini tabarau." Da ya kawo, sai ya ce, "To, yanzu rufe taga."

Malam Mai Ɗaki, ya ce in tambaye ka, karatu fa? Kai ka koma iya karanta littafi, kuma shafi nawa ka fara da shi?

Mai Ɗaki

Ki ce masa rabin shafi, da fensir a hannu, ina rubuta layi ɗaya a gefe kafin in wuce. Kuma tsohon littafin da na riga na sani na fara ɗauka, ba sabo ba. In yana so ya yi mini magana da kansa, Mai Kula da Zaure zai haɗa mu. Ya rubuto ko da layi ɗaya ne, ba na gaggawar amsa, shi ma kada ya yi.